Ƙarshen Fim ɗin da Hamman Ya Yanke

Dutsen farko ya faɗo ne ana cikin kwashe tuwo. Magariba ta kawo jiki a unguwar Dawaki, sanyin hunturu ya fara ratsa ƙashi, Hamman yana zaune a ƙofar ɗaki yana ɗaura takalmi zai tafi aiki. Sai ji kake ƙwal a kan kwanon rufi. Matarsa Fanta ta ɗago kai daga tukunya ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Hamman ya leƙa waje, lungu wayam, ko akuya babu. Da ya dawo ya tsinci dutsen a tsakar gida, sai ya ji shi da ɗumi kamar yanzu aka ciro shi daga murhu.

Shi Hamman ɗin nan shi ne mai haska fim a wata silima a Gombe, a shekarun nan da kuɗin mai ya fara shigowa, kowa ya sayi rediyo da keke. Silimar ba ta da rufi, bencina ne da farin bango da sararin Allah. Idan ɗari ya kama, mutane sukan ja baya, mai silimar kuwa ba zai ɗauko sabon fim don mutum talatin ba. Sai ya riƙa turo tsofaffi, na Indiya, na Masar, har da na ƙasashen da ba wanda ya san yarensu. Hamman yana son irin waɗannan ƙwarai, amma ya san halin mutanensa. Su dai kada fim ya ƙare da baƙin ciki. In jarumi ya mutu, to ranar benci zai karye, kwalba za ta tashi sama, a zagi mai haskawa kamar shi ya kashe shi. Don haka ya koyi dabara. Yakan fara kallon fim shi kaɗai, in ƙarshen ba daɗi ya sa almakashi ya datse shi a inda ake murna, ya kunna fitilu, kowa ya tafi gida da fara'a.

A makon nan wani tsohon fim yake haskawa, baƙi da fari, labarin wata mata da ɗanta ya ɓace ranar da aka tashi ƙauyensu. Gari gari take bi tana nemansa. Can a ƙarshe ta hango shi a bakin kogi, ta yar da ƙunshinta ta sheƙa da gudu. Daidai nan Hamman ya yanke. Ragowar ya naɗe, ya sa a gwangwanin madara, ya kawo gida ya tura ƙarƙashin gado, da niyyar ya liƙa ta ranar da za a mayar da fim ɗin.

Jifa bai tsaya ba. Kullum rana na faɗuwa sai a fara. A kwana na uku aka soma jin sheshsheƙar kuka a bayan ɗaki, kukan babbar mace wadda ta gaji da kuka. A kwana na biyar, 'yarsu Safiyyatu, yarinya mai shekara goma sha biyu, mai surutu kamar me, ta ajiye tsintsiya ta je ta zauna tana fuskantar farin bangon ɗaki. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta ƙifta ido. In Hamman ya tsaya a gabanta sai ta karkata kai, irin yadda mai kallo yake yi in wani ya tare masa hoto. Ita kaɗai Allah ya bar musu, biyu sun rasu a bayanta. Hamman ya ji tsoron da bai taɓa ji ba, domin yarinyar ramewa take yi a kan idonsa.

A kwana na tara, bayan la'asar, ya ɗauko Modibbo Jaji, wani tsohon malami daga Bagadaza wanda aka san shi da aikin cire aljanu. Modibbo bai yi wata hayaniya ba. Ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya zuba turare, ya kama babban yatsan yarinyar ya fara karatu a hankali. Rana ta yi ja, inuwa ta cika tsakar gida. Fanta tana tsaye can bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Sai yarinyar ta buɗe baki, amma muryar tsohuwa ce ta fito.

"Ka daina ƙona ni, malam. Ban zo da faɗa ba."

"Wace ce ke, me kika zo nema a gidan bayin Allah?"

"Wancan ya sani," in ji muryar, yatsa ya nuna Hamman. "Ya yanke."

Hamman ya zauna a ƙasa. Muryar ta ci gaba, a hankali, tana hutawa. Ta ce gidanta wata tsamiya ce da take tsaye a inda aka gina silimar. Ranar da aka sare ta tana can wajen ɗiban ruwa, ta bar ɗanta yana barci a kogon bishiyar. Ta dawo ta tarar da siminti. Tun ranar take zaune a bencin ƙarshe, ba ta da inda za ta.

"Ban taɓa kula da hotunanku ba, sai da na ga matar nan. Kwana bakwai ina gudu tare da ita. Kullum saura taku kaɗan sai ya kunna fitila. Ko a bango ne, a bar ni in ga wata uwa ta kai ga nata."

Modibbo ya ce, "In an nuna miki, za ki fita?"

"Zan fita."

Hamman ya matso kusa da malamin. Ya raɗa masa cewa abin da ke cikin gwangwanin ba shi ne abin da take zato ba, in ta gani wa ya san abin da za ta yi wa yarinyar? Ko ya ce mata ragowar ta ƙone, ya ba ta labarin da baki yadda zai yi daɗi?

Modibbo ya girgiza kai. "Yankan da ka yi ne ya kawo mu nan, Hamman. Kada ka ƙara wani."

Hamman ya jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado. Ya kunna fitilar ƙwai, ya warware fim ɗin, ya riƙa jan sa a gaban hasken, hoto bayan hoto, daidai idon 'yarsa. Ga matar tana gudu. Ga ta ta iso, ta dafa kafaɗar yaron. Yaron ya juyo, ashe ɗan wani ne. Ga ta ta zauna a bakin ruwa, hannuwanta a kan cinya. Daga nan sai baƙi.

Hawaye suka gangaro a fuskar Safiyyatu.

"Ita ma ba ta same shi ba," in ji muryar.

"Kin yi alkawari," Modibbo ya tuna mata.

"Na yi. Amma kwana biyar ina cikin yarinyar nan, ban ji waccan ta kira sunanta ba, ban ga ta taɓa ta ba. In ba ta so, ni ina so."

Hamman ya juya ya dubi matarsa. Safiyyatu 'yar fari ce, Fanta kuwa Bafulatana ce ta asali. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa furta sunan ba, ba ta taɓa jawo ta jiki a gaban mutane ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Haka uwarta ta yi mata, haka aka yi wa uwar. Kunya ce, ba ƙi ba, amma wa zai tsaya yi wa mai wannan ciwo bayani? Ga miji, ga baƙon malami, ga maƙwabta sun cika zaure.

"Fanta," Hamman ya ce. "Don Allah."

Sannan mayafin ya zame, ba ta ko waiwaye shi ba. Ta tako ta durƙusa, ta rungumo yarinyar ta manna ta a ƙirji, ta buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito. A na uku ta yi ihun da aka ji har bakin titi.

"Safiyyatu! Safiyyatu, 'yata, ki dawo!"

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido, ta dubi fuskar da ke kanta kamar ba ta yarda ba.

"Dada, ke ce kika kira ni?"

Fanta sai ƙara matse ta take yi. Hamman ya sunkuyar da kai yana kuka, bai damu da wa ke kallo ba. Bai san ko na murna yake yi ko na tausayi ba, domin a waje, cikin sanyin magariba, dukansu suna jin muryar tsohuwar ta bi lungu ta nufi wajen silima. Wani suna take kira wanda ba mai iya maimaita shi, tana kira tana nisa, kuma ba wanda ya amsa mata.