Jif Ɗin Sista

Da sanyin safiya aka kira Sufeto. A kwanar bayan gada ya tarar da gawar wani mai kai burodi shaguna, kekensa a lanƙwashe, burodi ya watse har cikin kwata. Matar mamacin na zaune a gefen titi, ba ta kuka, ta dai ƙura wa takalminsa ido. Wannan shirun nata ya fi ihu damun Sufeto.

A jikin keken akwai koren fenti, a ƙasa kuma fasassun gilasan fitila.

"Tsohuwar jif ce, ranka ya daɗe," in ji mai gadin makarantar da ke kusa. "Koriya, da taya maƙale a bayanta. Ko waiwaye mai ita bai yi ba."

Sai da aka shiga wani makon Sufeto ya ci karo da ita, a harabar wani ƙaramin asibiti. Tsohuwa ce tukuf, irin mai giyar taimako da tayoyinta huɗu ke ja cikin laka. Fitilar dama ta yi dushi-dushi, ta hagu kuwa sabuwa fil. Ya sunkuya ya shinshina gaban, ƙamshin fenti bai gama fita ba.

Mai motar ungozoma ce, kowa Sista yake ce mata. Ta fito tana goge hannu.

"Yaushe kika saye ta?"

"Tun watan jiya."

"Wurin wa?"

"Wurin kawuna. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarama." Ta shafa ƙofar motar. "Na daɗe ina tari, Yallaɓai. Da damina mata na haihuwa a ƙauyuka, ƙaramar mota ba ta shiga. Ƙarfina bai kai sabuwa ba. Wannan tana shan mai kamar ba gobe, amma za ta kai ni."

"Fitilar fa?"

"Dutse ne ya fasa ta."

"To, ɗan saka mini giyar taimako in gani."

Ta shiga, ta yi ta laluben sandar giyar, ta ja nan ta tura can. Motar ta yi gurnani ta mutu. Nan Sufeto ya gano ta. Wanda ya yi wata guda yana ratsa laka da wannan mota, ko idonsa a rufe zai saka giyar.

Daga asibitin Sufeto ya wuce gareji. Makaniken da ya saba duba motar ya fito daga ƙarƙashin wata akori-kura, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Ni rabona da jif ɗin nan an kwana biyu," ya ce, idonsa a kan sifana.

"Wannan koren fentin da ke farcenka fa?"

Makanike ya ɓoye hannu a baya, ya ga ba mafita. "Kawun Sista ne ya kawo ta makon jiya, gaba a lotse. Ya ce akuya ya buge, in yi sauri. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Yarinyar nan ta daɗe tana roƙonsa ya sayar mata, yana ja mata rai, sai ga shi rana ɗaya ya sakar mata kamar kyauta."

A ofis Kawu ya zauna ya harɗe ƙafa, dattijo mai furfura da tattausar murya. Sista na gefensa, kanta a ƙasa.

"Na rabu da motar nan tun watan jiya," ya ce. "Ga 'yata nan, ka tambaye ta."

"Haka ne, Sista?"

"Haka ne."

Sufeto ya numfasa. Bai so abin da zai faɗa ba, amma ya faɗa. "To, shi ke nan. Tunda motar na hannunki ranar, ke za mu tsare. Mutum aka kashe, ya bar mata da yara."

Ta ɗago kai da sauri. "Mutum?" Ta juya. "Kawu, ai akuya ka ce mini. Ka ce mai akuyar rigimamme ne, in ce motar ta daɗe a wurina."

"Yi shiru, 'yar nan."

"Ba zan yi ba! Kawu, mutum?"

Dattijon ya sauke ƙafarsa. Ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ban yi niyya ba. Na gan shi, na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Birkin ya jima yana yoyo, na ce tunda sayarwa zan yi, me zai sa in kashe mata kuɗi. Tsoro ne ya hana ni tsayawa. Na ɗauka ita mace ce, ma'aikaciyar asibiti, ba wanda zai zarge ta."

Sufeto ya ajiye biro. "Ka canza fitila. Ka yi fenti. Birkin fa, ka gyara kafin ka ba ta?"

Kawu ya girgiza kai.

Sista ta dafe ƙirji. "Jiya na gangaro tudu da mai naƙuda a baya," ta ce a hankali. "Na ji birkin ya yi laushi, na ce ni ce ban iya ba."

"'Yar nan, ki saurare ni..."

Ta miƙe ta koma jikin taga, ta ba shi baya. Saje ya shigo da ankwa. Har aka fita da Kawu yana kiran ta, ba ta juyo ba.