Garkuwar Jita Mai Tabon Guga

Kafin Sufeto ya iso ɗakin atisayen mawaƙan, Saje ya riga ya gama bincike shi kaɗai. Ya damƙe mai gadi, ya tura shi bayan kanta, ya dawo yana jiran yabo. Haka Saje yake, idan ya rasa ɓarawo, wanda ya fi kusa da ƙofa ya ishe shi.

An fasa kwaɗon ɗakin ne da rana tsaka. Ba a taɓa lasifika ko ganguna ba, jitar lantarkin ma tana nan a jingine. Abin da aka ɗauke shi ne garkuwarta, wato fallen katakon da ake ɗaure wa fuskar jita don kada kaɗi ya karce ta. A madadinsa an maƙala mata ta roba.

Mai jitar, wata budurwa mai faɗa da hannu biyu, ta ce ba za ta yarda ba. Ita ta zaɓi katakon da idonta, kaf garin babu irinsa, don haka sai mai gadi ya fito da shi ko ya tafi gidan yari.

Sufeto ya tsuguna ya duba. Ɓarawon ya ɗaure garkuwar robar tsaf, ya saita tsirkiyoyin, har ya goge ƙura. Sai idonsa ya sauka kan ƙusoshin murɗin. Tsagar kan kowace ƙusa tana kallon wuyan jitar, babu wadda ta karkace.

A gidan da ya tashi, duk wata ƙusar ƙofa da ta taga haka take tsaye, domin mai gidan ya ce ƙusar da ta kalli wani gefe daban rashin tarbiyya ce.

"Wa ya yi miki garkuwar?"

"Wani tsohon kafinta, bayan tashar mota."

"Ya taɓa neman ki mayar masa?"

"A'a."

Mai ganga, da ke can gefe, ya yi tari. Ta harare shi, sannan ta ce to, tsohon ya zo ya sake zuwa, yana roƙon ta karɓi wata ta ba shi wannan, ita kuma ta yi masa dariya. Ai ciniki ya faɗa. Ta miƙo waya ta nuna hoton. Katako ne ja mai duhu, da wani baƙin tabo mai tsini a gefe, wanda ta ce saboda shi ma ta nace.

Sufeto ya san tabon, domin shi ya yi shi. Yana yaro ya ajiye dutsen guga da zafinsa a kan murfin adakar mahaifiyarsa, ita kuma ta ce wa maigidanta ita ce ta manta, ta sha faɗan a madadinsa. Sufeto ya mayar mata da wayar.

A ofis kowa ya san mahaifin Sufeto ɗan kwangila ne da ya yi ritaya a wani gari mai nisa. Shi ya faɗa musu haka tun yana ƙaramin jami'i, lokacin da yake jin nauyin a ce uban nasa gyaran kayan kiɗa yake yi. Ƙaryar ta girma tare da muƙaminsa. Tun da aka binne mahaifiyarsa, saƙo kawai yake aikawa, alhali shagon ba shi da nisa da inda yake ajiye mota.

Da ya koma ofis, ya sa aka fito masa da mai gadi. Dattijo ne siriri, leɓensa ya kumbura, kuma Saje ya rantse wai ƙofa ce ta buge shi. Mai gadin ya dage cewa bai gusa daga bakin ƙofa ba, bai kuma ga kowa ba. Sai da Sufeto ya aiki Saje ya kawo ruwa, sannan mutumin ya sauke murya. Ya ce gaskiya ya leƙa shagon aski kallon ƙwallo, da ya dawo ya ga wani tsoho da jakar kayan aiki yana fita.

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Yallaɓai, na ga fuskarka ne. Goshinku ɗaya da shi. Na ce talaka ina, ambaton uban ɗan sanda ina."

Sufeto ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Hanya a buɗe take: ya yi shiru, gobe a gurfanar da mai gadi, ƙaryarsa ta ci gaba da zama lafiya. Ya daɗe yana kallon leɓen nan mai kumburi. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne sai da ya yi tunanin hakan da gaske kafin ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

Shagon yana nan yadda ya san shi, sai dai ya ƙara duhu. Samfuran garkuwa na kwali suna rataye a bango, dusar katako ta rufe ƙasa, ƙamshin man goge katako ya cika wurin. Tsohon yana sunkuye yana goga wa katako sanfefa. Ya ɗago ya ga ɗansa cikin kaki, ya ga Saje a bayansa, sai ya miƙe ya cire tabarau.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Me za a gyara?"

Wato tsohon ya san da labarin ɗan kwangila. Sufeto bai san tun yaushe ba.

Saje ya shiga zare ido da tambaya. Tsohon ya ce yini ya yi a shago, ko ƙofa bai leƙa ba. Sufeto ya wuce lungun da adakar take, ya yaye zanen da aka lulluɓa mata. Murfin yana nan, da ramin da zarto ya yanke a tsakiyarsa, an kwantar da garkuwar a cikin ramin, gam ɗin bai ko gama bushewa ba.

Tsohon ya zauna a kan benci. Ya ce an daɗe ba wanda ya nemi aikinsa, kowa ya koma roba. Ranar da yarinyar ta shigo ta ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi su duka, ta nuna adakar tana yabon hannunsa, sai kansa ya kumbura ya ɗauko zarto. Tun daga ranar bai iya kallon lungun ba.

"Abin da marigayiya matata ta bar mini ke nan, na yanka shi don a ce mini gwani," in ji shi. Da ya ji an kama mai gadi har an taɓa shi, sai ya rufe fuska da tafin hannu. "Ku sake shi. Ni na fasa kwaɗon."

Saje ya zaro ankwa yana murmushi, ya ce tsofaffin yanzu ba su da ta ido, ko ina 'ya'yan wannan suke da suka bar shi yana fasa ɗakunan mutane.

"Ba ni da kowa a garin nan," tsohon ya yi saurin cewa, ya miƙa hannuwansa ba tare da ya kalli ɗansa ba.

Sufeto ya ɓamɓaro garkuwar a hankali ya sa a jakar shaida. Sannan ya karɓe ankwar daga hannun Saje ya sa a aljihu, ya ɗauko hular tsohon ya kaɗe mata dusa.

"Baba, tashi mu je," ya ce. "Saje, buɗe wa mahaifina ƙofar gaba. Kai ka zauna a baya."