Tungar Barira

"Fito daga ramin ga, Bunyaminu... don Allah fito."

Barira ta durƙusa a bakin rijiyar da yake haƙa. Daga can ƙasa ya ɗago kai yana murmushi.

"Sanyin idona, saura kaɗan mu iske ruwa."

A shekarar samun 'yancin kai ne. Bunyaminu tela ne a kasuwar Illo, amma kullum da yamma sai ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Dahome wurin tsohuwarsa. Mahaifin Barira, Malam Na'Allah, ya rantse ba za a kai masa 'ya ƙetare ba, tsohuwa kuma ta ce ba ta barin gonar mijinta. Sai Bunyaminu ya kafa bukka a tsakiyar hanya, cikin daji, ta ɓangaren Nijeriya.

Lauwali, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan Barira, shi ya hure wa tsoho kunne.

"Ba ni kai ɗiyata inda babu maƙwabci babu ruwa," in ji Na'Allah.

Maƙwabta ba su yi wuya ba. 'Yan dako, masu gyaran keke, duk wanda doguwar tafiya zuwa Illo ta ishe shi, Bunyaminu ya bi su da lallashi har suka kafa bukkoki. Ruwa ya rage.

"Damina ta jiƙa ƙasar ga," in ji Barira daga bakin rijiyar. "Tsoro nika ji."

"Baba ya ce in kaka ta yi babu ruwa, in bar zuwa ƙofarku. In bari, masoyiya?"

Ta yi shiru.

Shirun nan ya ci ta har tsufa.

Washegari rijiyar ta rufta da hantsi. Tungar babu kowa, duk sun tafi Illo neman abinci. Ko ya yi kira, Allah kaɗai ya sani. Da yamma suka tono shi, ruwa ya kai masa gwiwa.

Bayan addu'ar bakwai Barira ta tsuguna gaban mahaifinta.

"Baba, ga maƙwabta, ga ruwa. Cika alkawali."

Tsoho ya sunkuyar da kai, ya yarje mata.

Ta tare a bukkar tare da tsohuwarsa, wadda kabarin ɗanta ya raba ta da gonar. Tunga ta zama gari, da masallaci da tashar mota, kuma har yau da safe kowa Illo yake nufa, sai yamma.

Barira dai ba ta taɓa barin garin da rana ba, don kada wani ya sake kira a rasa mai ji.