Zakin da Ba Shi da Harshe

Blazena da jikarta Radka su biyu suka rage a gidan, tun da Oldrich, mijin Blazena, ya rasu. Bai bar musu gona ba, bai bar mota ba, sai suna mai kyau da wani tsohon kuɗin azurfa guda ɗaya a cikin ɗan akwati.

Irin kuɗin nan da hannu aka buga su, kowane hatimin ƙarfe da nasa tabon. Oldrich ya ce maƙerin da ya sassaƙa hatimin nasa ya manta bai yi wa zakin bayan kuɗin harshe ba. Irinsa ɗaya kawai aka sani, a hannun Pan Holub, shugaban ƙungiyar masu tara tsoffin kuɗi ta garin.

Ranar Lahadi Blazena da Radka suka kai akwatin taron ƙungiyar. Ranar Litinin Blazena ta shiga ofishin Sufeto Kubat na 'yan sanda.

"Yallaɓai, a gaban mutane! Pan Holub ya ce zakin kuɗinmu da harshensa, gama-gari ne. Wai ko tsohon ya ruɗe kafin ya mutu, ko yarinyar ta musanya ta sayi alawa. Yanzu har a makaranta ɓarauniya ake ce mata!"

Sufeton ya bi ta gida. Radka na zaune a kicin, idanunta sun kumbura.

"Kin taɓa akwatin?"

"Ban taɓa ba. Kuma kakana ba ya ƙarya."

Ta ɗauko wani gwangwani cike da takardun cakulan. Duk lokacin da Oldrich ya ba ta cakulan, yakan karɓi takardar mai ƙyalli ya danna kuɗin a kanta da babban yatsa, zanen ya fito. Sufeton ya ɗora gilashin ƙara girma a kan ɗaya. Bakin zakin a buɗe, ba harshe.

"To, an musanya," in ji shi. "Wa ya shiga ɗakin da akwatin yake?"

"Ranar jana'iza kowa ya ajiye rigar sanyinsa a can," in ji Blazena.

Sufeton ya miƙa wa yarinyar akwatin. Kuɗin na kwance, gefen kambin sarauta a sama.

"Nuna mini yadda kakanki yake duba kuɗi."

Ta kama shi ta gefe da yatsu biyu, ta juya, ta kai shi kusa da taga.

"Haka Pan Holub ya yi?"

Ta mayar da kuɗin cikin akwatin. "Ko taɓa shi bai yi ba."

Sufeton ya sami Holub a ɗakin baya na gidan abincin da suke taro, shi da 'yan ƙungiya, ana cin miyar nama. Blazena da Radka suka tsaya a bakin ƙofa.

"Ka je ta'aziyya gidan?"

"A bakin ƙofa na tsaya, ban shiga ba."

"Kai, Holub," wani tsoho ya ce, "ba kai ka cinye rabin kek ɗin ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Sufeton ya buɗe akwatin a kan tebur.

"Me kake gani?"

"Kambi mana."

"Zakin fa?"

"Yana baya. Wannan ai ko jariri ya sani."

"To ta ina ka ga harshensa ranar Lahadi, tun da ba ka juya ba?"

Tsofaffin suka ajiye cokula. A cikinsu babu wanda zai yanke wa kuɗi hukunci bai juya shi ba.

"Zaro aljihunka."

Holub ya daɗe kafin ya fito da wani ɗan ƙyalle daga aljihun falmaransa. Zakin kuɗin da ke ciki ba shi da harshe.

"Ban yi niyyar sayarwa ba," ya ce. "Duk rayuwata nawa ne kaɗai ake zuwa gani. Sai kawai Oldrich ya tsinci na biyu? Na so in jefa shi kogi, hannuna ya ƙi."

"Amma bakinka bai ƙi jefa marainiya ba," in ji sufeton. "Tashi mu je."

Wani kofur da ya rako sufeton ya kama hannun Holub suka fita. Blazena ba ta matsa daga ƙofa ba, sai da ya raɓa.

Radka ta tsaya tana kallon kujerar da ya tashi a kai. A ranar ta gane cewa mutumin da ya fi kowa ɗaga murya yana ce mata ɓarauniya, shi kaɗai ne a ɗakin ya tabbata ba ita ba ce.