Kofin da Ya Faɗo daga Bene

Kofin roba ne ya haɗa su. Malamar kimiyya ta huda gindinsa, ta cika shi da ruwa, ta sako shi daga bene don ɗalibanta su gani: muddin yana faɗowa, ruwan ba ya tsiyaya. Sun gani kuwa. Sai dai kofin ya sauka a kafaɗar direban makarantar, wanda ake kira Guguwa saboda gudunsa.

Ya ɗaga kai zai yi faɗa, suka haɗa ido, faɗan ya bi ruwa.

"Yi haƙuri," ta ce, tana danne dariya. "Kofin da ruwan tare suke faɗowa, shi ya sa ruwan ya rasa nauyi. Haka 'yan sama jannati suke shawagi a kumbo. Faɗuwa suke ta yi, suna kewaya duniya."

"To ni dai na ji nauyinsa, Malama."

Sati biyu kacal, Guguwa ya dira a gidansu. Tun daga falo mahaifinta ya ji ƙarar birkinsa.

"Yaro," in ji tsohon, "mai tsayar da mota haka ba zan damƙa masa 'yata ba. Ga ɗan abokina nan, mai natsuwa."

Hankalin Guguwa ya tashi. Ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, gobe zan dawo da kawunnaina uku. Jibi in ƙaro biyu."

Ta amsa: "Rigimammena, tsaya. In kumbo yana son kamo wanda ke gabansa, ba ya ƙara wuta. In ya ƙara, sama zai haura, hanyarsa ta yi tsawo, a bar shi baya. Birki yake takawa, ya sauko ƙasa kaɗan, ya kamo shi ta gajeriyar hanya. Ina son ka, kar ka sa in rasa ka."

Sau uku ya karanta. Daga nan, kowace Asabar shi ke kai mahaifin nata asibitin ido, bai sake tayar da zancen aure ba. A wata na huɗu tsohon ya shigo motar da kofin shayi cike taf. Har suka isa, ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba.

Ya kurɓa, ya yi gyaran murya. "Turo min kawunka, ɗaya ma ya isa."

Ranar auren, tsohon ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya."

A hanyar gidansu amarya ta leƙa taga.

"Angona, mai keke fa ya wuce mu."

"Bar shi ya wuce," ya ce, ya riƙo hannunta. "Ni na riga na kamo tawa."