Bajon Rindo

A layin shagon bajo na unguwar Ikebukuro suka haɗu. A rufe ake sayar da bajon cikin leda, sai ka yage za ka ga wanda ka samu. Chizuru ta yage leda ta tara, babu bajon Rindo, jarumin fim ɗin zanen da take mutuwar so tun tana sakandare. Idonta ya ciko.

"Mai jakar nan, ungo," in ji saurayin da ke bayanta, ya miƙo mata bajon. "Ni ba gwanina ba ne."

"Ka tabbata? Ni fa ba na shiri da mai son Rindo. Nawa ne ni kaɗai."

A cikin masoya fim ɗin zane wannan ba hauka ba ne, mutum kan rubuta a shafinsa, kowa ya kiyaye. Saurayin, Itsuki, ya ce ya ji.

Soyayya ta kankama. "Chizu tawa, kin ci abinci, ko kallon kishiyata kike?" Haka yake rubuto mata, ta yi ta dariya a jirgin ƙasa.

Babanta mai sayar da tofu, wato awara, kuwa ya ce sam. "Ke da shi duk yara ne masu bautar takarda. Me za ku ci, fenti?" Ta yi kuka har ta gode Allah, amma ba ta saki Itsuki ba.

Ranar da ta je taya shi kwashe kaya, ta ja ƙofar kabad. Rindo ne daga sama har ƙasa, hotuna, gumaka, har kyandir na ranar haihuwarsa.

"Chizu, tsaya ki ji..."

"Shekara guda kana kallonsa da idon da nake kallonsa! Maƙaryaci!"

Ta toshe lambarsa. Wallahi ni mai ba da labarin nan na so in mare ta, sai dai na san ciwon. Wata biyar tana zuwa ofis ta dawo kamar wadda aka zare wa laka. Ta kalli Rindo a bango, shi kuma ko ci kanki bai ce mata ba.

Sai masu fim suka kashe Rindo a kashi na ƙarshe. Ta daina cin abinci. Abokan aiki suka ce, "Haba, zane ne fa." Babu wanda ya yi mata ta'aziyya, don duk waɗanda za su gane ita ta kore su da hannunta.

Rana ta huɗu babanta ya ajiye mata wayarsa kusa da miyar da ta huce. "Yaron nan ya dame ni. Karanta."

"Baba, a gafarce ni. A ce wa Chizu ta ci abinci. Bajon da na ba ta, sau bakwai na bi layi kafin na samu. Na ga tana kuka, shi ya sa na yi ƙarya. Ni ma ban iya cin komai."

Ta same shi a bakin shagon, inda masoya suka jibge furanni, ya rame. Ta kifa kai a kafaɗarsa, suka yi kukan tare.

An ɗaura aure da bazara. Babanta ya riƙe kofin shayi. "Har yau ban san wane ne wannan Rindo ba. Ku dai ku zauna lafiya."

Chizuru ta ciro bajon daga aljihu, ta maƙala wa angonta a ƙirji. "Naka ne," ta ce. "Jiran da ka yi ya isa."