Motar da Aka Sauke da Magariba

Bobbo Sali, direban tasi a Gaundare, bai yarda da hannun kowa ba. Tun da ya zagi bakanikensa a bainar jama'a, ya rantse ba mai ƙara taɓa masa mota. Da birki ya soma kuka, sai ya sayo sababbin takalman birki, ya ɗage motar da jek a gindin tsohon mangwaron gidansa.

Rana ta yi ja bai gama ba. Matarsa Astajam ta leƙo.

"Magariba ta yi fa. A bari sai gobe mana."

"Ki ji da tukunyarki."

Ya sa 'yarsu Dudu, budurwa mai yawan dariya, ta shiga tana taka masa birki. "Taka. Riƙe. Saki." Ana kiran salla ya saki jek da ƙarfi, ko bisimilla babu. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin taya, kamar busasshen kara. Gidan ya yi tsit. Dudu ta fito tana jan ƙafar dama.

Daga ranar, da magariba ta yi sai a hau ruwan duwatsu a kan kwanon rufin gidan. Sannan murya ta taso daga motar da ba kowa a ciki: "Taka. Riƙe. Saki." Dudu tana kwance a ɗaki, ƙafar tana bin umarnin. A kwana na huɗu ta kumbura ta yi baƙi. Bobbo, mai taurin kan tsiya, ya ce sanyi ne.

Astajam ce ta ɗauko Modibbo Hamajoda, tsohon malamin unguwar. Ya daɗe yana karatu a kan yarinyar kafin bakinta ya buɗe da muryar wata tsohuwa.

"Ka daina ƙona ni, tsoho. Ba da kai nake ba."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ubanta ya sauke ƙarfe a kan ƙafar jikana. Har yanzu yana ƙarƙashi yana kuka. Ƙafa zan ɗauka."

"Ba za ki ɗauka ba. Faɗi wani abin."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "To ya ɗage motar. Ta zauna a ɗage har yaron ya warke."

"Kwana nawa?" in ji Bobbo.

"Kwana? Ƙashinmu shekara arba'in yake yi, wawa."

Modibbo ya juyo. "Bobbo, ka yarda?"

Bobbo ya dubi motar ta ƙofa.

"Ka yarda?"

"Modibbo, sababbin takalma fa na sa mata."

Astajam ta ɗora hannu a ka. Wallahi abin kunya ne. Sai a tambaya ta uku, da Dudu ta ƙwala ƙara, ya fita ya ɗauki jek. Tayar tana barin ƙasa yarinyar ta yi atishawa, jifa ya tsaya.

Kumburi ya sauka kafin gari ya waye. Bobbo ya shigo da fara'a, ya durƙusa zai taɓa ƙafar. Dudu ta janye ta a hankali.

"Ina jin komai jiya," ta ce. "Sau uku aka tambaye ka."

Motar tana nan a ɗage, ciyawa ta ci ta. Dudu kuwa kullum tana durƙusawa ta gaishe shi, amma ba a ƙara jin ta ce masa Baba ba.